Dara Ba Aikin Banza Ba Ce

A yawancin makarantun firamare na ƙasar Hausa, da zarar an kaɗa ƙararrawar tara sai yara su watsu kashi-kashi. Masu ji da ƙarfi su nufi fili da ƙwallon tsumma, 'yan mata su kafa da'irar gaɗa ko su zauna carafke, wasu kuma su ruga wajen mai ƙosai. Can a gindin darbejiya akan hango yara biyu sun tsuguna, sun haƙa 'yan ramuka a ƙasa, ɗaya riƙe da tsakuwa, ɗaya da guntayen kara, sun yi tsit kamar masu jiran hukuncin alƙali. Cikin duk waɗannan yara, su biyun nan ne malamin da ke kula da fili ya fi saurin auka wa. Yakan sa ƙafa ya shafe ramukan, ya kira su 'yan caca ko malalata, wani lokaci har ya haɗa musu da bulala. Abin mamaki, shi dai wannan malami ne zai koma aji yana ƙorafin cewa yaran yanzu ba su da natsuwa, ba su iya tunani, sai haddar aku. Bai lura ba cewa abin da yake nema a cikin aji shi ne ya tarwatsa da ƙafarsa a gindin bishiya.

Wannan hali ya samo asali ne daga wata fahimta da ta daɗe a zukatan mutane, wato duk wasan da ake yi a zaune, a kan allo ko a gurabe, aikin marasa abin yi ne. Fahimtar tana da dalilanta, kuma za a zo gare su. Sai dai idan aka auna ta da idon basira, za a tarar asarar da take jawo wa gida da makaranta ta fi amfaninta yawa. Ɗalibin da ke shirin zama malami, musamman malamin Hausa, shi ya fi kowa buƙatar ya sake duba ta.

Yadda dara take

Duk wanda ya raina dara, galibi bai taɓa zama ya kalle ta daga farko zuwa ƙarshe ba. Wadda manya suka fi yi tana da gurabe 30, wato layi biyar, kowane layi da gurbi shida. Mutum biyu ke karawa, kowa da 'ya'ya 12. Ba a sayen komai: wannan ya tsinci tsakuwa ko ƙwallon dabino, wancan ya kakkarya tsinke, shi ke nan an haɗa kayan wasa. Da farko ana sa 'ya'yan ne ɗaya bayan ɗaya, kowa a lokacinsa, kuma a wannan mataki ba a yarda mutum ya jera uku ba. Idan an gama sawa, gurabe 24 sun cika, saura shida kacal. Daga nan sai a shiga turawa: ɗa yana matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Jerin huɗu ba ci ba ne. Haka za a yi ta yi har sai ɗaya ya rasa 'ya'yan da za su iya jera uku.

Dokokin ke nan a taƙaice, kuma yaro ɗan shekara bakwai zai iya riƙe su cikin zama ɗaya. Amma iya dara wani abu ne daban. Tun a wajen sa 'ya'ya ake cin wasan ko a faɗi, domin mai wayo yana dasa kowane ɗa ne da tunanin inda zai tura shi bayan motsi uku ko huɗu, yana kuma lura da inda gurabe shidan nan za su rage. Alal misali, akwai wani shiri da gwanaye ke nema, wanda wasu ke kira doki. Mutum zai ajiye 'ya'ya biyu a layi ɗaya, biyu kuma a layin da ke maƙwabtaka da shi, sa'an nan ya sami na biyar da zai riƙa kai da komowa tsakanin layukan biyu. Ya tura sama ya cika uku, ya dawo ƙasa ya cika uku, kowane motsi ci ne. Wanda ya bari aka hau masa irin wannan doki, sai dai ya zauna yana kallon 'ya'yansa suna ƙarewa. Saboda haka dole ɗan dara ya riƙa tunani biyu a lokaci guda: abin da yake ƙullawa, da abin da ake ƙulla masa. Babu sa'a a ciki ko kaɗan. Wanda aka cinye ba shi da wanda zai zarga sai kansa, kuma wannan darasi ne da ko manya ma ba kowa ya koye shi ba.

Dara ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Dakarkari a jihar Kebbi sun shahara da ita, Zabarmawa a Nijar suna kiranta dili, ana kuma yin irinta a Mali da Burkina Faso. Akwai kuma ɗaya nau'in mai gurabe 12 da ake zuba tsakuwa huɗu-huɗu a riƙa rabawa gurbi-gurbi, wanda ya yi daidai da ayo na Yarabawa da oware na mutanen Gana. Wannan nau'i mai tsakuwa 48 kawai, da masana kwamfuta biyu na wata jami'a a Amsterdam suka lissafa shi a 2002, sun tarar yana da yanayi daban-daban fiye da biliyan 889, kuma idan kowane ɓangare bai yi kuskure ba, canjaras ake tashi. Abin da tsohuwa ke yi da jikarta a tsakar gida ke nan. Shi kansa harshen Hausa ya shaida matsayin wasan, domin ba don dara ta shiga jinin mutane ba, da ba a ce "dara ta ci gida" ba idan mugun shiri ya juya kan mai shi.

Baƙin wasanni

Yau a birane, yaro ya fi sanin ludo da dara. Ludo baƙo ne, amma ba daga inda ake zato ya fito ba. Asalinsa wani wasan Indiya ne mai suna pacisi, wanda ake yi da jefa wuri, har ma Sarki Akbar ya sa aka shimfiɗa masa ƙaton filinsa a fadarsa ta Fatehpur Sikri a ƙarni na 16. Turawan Ingila ne suka sauƙaƙa shi a ƙarshen ƙarni na 19, suka maye wuri da dayis mai fuska shida, suka raɗa masa sunan da ke nufin "ina wasa" da Latin. Wasan maciji da tsani, wanda akan buga a bayan allon ludo, shi ma daga Indiya yake, inda aka yi amfani da shi wajen koya wa yara cewa aikin kirki tsani ne, mugun aiki kuwa maciji ne mai haɗiye mutum ya mai da shi baya. Ches ma can ya samo asali, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa da sunan shaɗaranji, har wani nau'insa ya iso Barno inda aka san shi da tsatsarandi. Sai kuma daraf mai gida 100, wanda kowane ɓangare ke da 'ya'ya 20, abokin hirar makanikai da direbobi a tasha.

Idan ana maganar zurfin tunani, ludo bai kama ƙafar dara ba. Rabinsa sa'a ne: mutum zai iya zama yana jifa ana zagaye shi, shida ta ƙi fitowa, 'ya'yansa huɗu suna kulle a gida. Amma wannan rauni nasa shi ne kuma ƙarfinsa. Dara ta manya wasan maza ce, a ƙofar gida ko bakin kasuwa ake yin ta, kuma gwani ba ya jin daɗin karawa da ɗan koyo. Ludo kuwa ya shiga har cikin ɗaki. Mutum huɗu yake ɗauka, kuma dayis bai san babba ba, bai san yaro ba. Ƙanwa 'yar shekara shida tana iya cinye yayanta da ke jami'a, ta mai da shi gida, kowa ya bushe da dariya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka yi la'akari da tsarin gidan Bahaushe. Gida ne da aka gina a kan kunya da girmamawa. Maza na cin abinci daban, mata daban, yara daban. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, uba ba ya sakin fuska da yawa don kada raini ya shiga. Al'ada ta san cewa irin wannan zama yana buƙatar mashaƙar iska, shi ya sa ta tanadi wasan kaka da jika, da na taubasai, da kuma tatsuniya da dare. To, tatsuniya ta ja baya tun zuwan talabijin, wayar hannu kuma ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. A gidaje da yawa yanzu, bayan sallar isha za a ga mutum shida a tabarma ɗaya, kowa fuskarsa na haske da wayarsa, babu mai ce wa wani uffan. Allon wasa na daga cikin 'yan abubuwan da suka rage masu iya juyo da fuskokin nan su kalli wuri guda. Uban da ba zai iya tambayar ɗansa abin da ke damunsa kai tsaye ba, yana iya gane halinsa a kan allo: ko mai gaggawa ne, ko mai saurin fushi, ko mai karaya da zarar an ci shi sau ɗaya.

Wani zai ce ai ludon ma yana cikin waya. Gaskiya ne, manhajar Ludo King da wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016 ta bazu ƙwarai, musamman lokacin kullen korona a 2020. Amma akwai bambancin da malami ya kamata ya gane. A waya, na'ura ce ke jefa dayis, ita ke nuna gidan da ɗa zai sauka, ita ke hana maguɗi. Yaro dannawa kawai yake yi. A kan allo kuwa shi zai ƙirga da yatsansa, sauran suna sa masa ido. Yana da damar ya tsallake gida ɗaya idan an yi sakaci, kuma a nan ne ake koyon gaskiya, domin ba a sanin mai amana sai inda cin amana zai yiwu. Idan gardama ta tashi, su yaran ne za su warware ta: wa ya fara jifa, shin dayis da ya faɗi ƙasa an ƙirga shi, shin ana cin ɗan da ke kan gidan tsira. Ɗaliban ilimi sun san Jean Piaget da matakan girman tunanin yaro, amma ba kowa ya san cewa littafinsa na 1932 a kan yadda yaro ke fahimtar daidai da kuskure ya gina babban sashensa ne a kan kallon yaran Suwizalan suna wasan 'yan duwatsun gilashi ba. Abin da ya lura da shi shi ne, ƙaramin yaro yana ɗaukar dokar wasa kamar abin da ba ya taɓuwa, sai ya girma yake gane cewa doka yarjejeniya ce da mutane suka ƙulla, suna kuma iya sauya ta idan kowa ya amince. Yaron da na'ura ke yanke wa hukunci kullum, a ina zai koyi wannan?

Abin da ake tsoro

Masu ƙyamar waɗannan wasanni ba jahilai ba ne, kuma malamin da ya ɗauke su haka zai sha kunya a gaban iyayen yara. Hujjarsu mafi nauyi ta addini ce. Haramcin caca a bayyane yake cikin Suratul Ma'ida, babu saɓani a kansa. Akwai kuma ingantaccen hadisi da ya yi hani mai tsanani ga nardi, wasan da ake yi da jefa dayis. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda kusan kowane zauren karatu a ƙasar Hausa ya san shi, ya haɗa nardi da shaɗaranji wajen hani. Malaman Shafi'iyya sun sassauta game da shaɗaranji, suka ɗauke shi makaruhi matuƙar babu kuɗi a ciki, bai sa an jinkirta salla ba, bai kuma jawo zagi da rantse-rantse ba. A kan wannan ne malamai da dama na wannan zamani suke kallon ludo da idon nardi saboda dayis ɗinsa.

Malamin aji ba mai ba da fatawa ba ne, kuma bai dace ya mai da kansa haka ba. Inda iyaye suka nuna ba su son wasan dayis, sai a bar shi, domin babu abin da ludo ke koyarwa wanda ba za a same shi ta wata hanya ba. Inda kuma wani ya faɗaɗa hukuncin shaɗaranji ya haɗa da dara, wurin tattauna wannan shi ne taron iyaye da malamai, tare da malamin addini na makarantar, ba a yi shi a ɓoye ba. Abin da ya kamata a gabatar a irin wannan zama shi ne, illolin nan uku da ake gudu, wato kuɗi da shagala da alfasha, makaranta ce wurin da ya fi sauƙin toshe su. Babu mai sa kuɗi a gaban malami. Ƙararrawa ce ke buɗe wasa, ita ke rufe shi. Yaron da ya yi ashar kuwa ya san sauran. Hana dara a makaranta ba ya hana yaro yin ta, sai dai ya kore shi zuwa bayan tasha, inda abubuwan nan uku suke jiran sa.

Game da caca kuma, yana da kyau a faɗi gaskiya. Akwai wuraren da ake buga daraf da karta a kan kuɗi, kuma gidaje sun mutu ta wannan hanya. Amma cacar da ke cinye aljihun matasa a yau ta fi yawa a kan ƙwallon ƙafa, ta waya da shagunan yin fare, kuma ba a ji wanda ya ce a kulle filin ƙwallon makaranta saboda haka ba. Ɗan caca ko a kan gudun ƙadangaru biyu zai iya sa kuɗi. Haka ma batun zaman kashe wando. Idan aka ga majiya ƙarfi sun kafa daraf tun hantsi har la'asar sakaliya, ba daraf ne ya raba su da aiki ba. Rashin aikin ne ya kai su ga daraf, kuma da za a ƙwace allon, da wani abin za su nema, mai yiwuwa wanda ya fi shi muni.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda masu ƙaunar wasannin kan faɗa. Sukan ce ches ko dara na ƙara wa yaro ƙwaƙwalwa, wai duk wanda ya iya su zai iya lissafi da kimiyya. Ƙasar Armeniya ta sa ches cikin darussan dole na firamare a 2011, kuma ana yawan kafa hujja da ita. Amma wani babban gwaji da aka yi a makarantun firamare na Ingila, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2016, bai nuna cewa yaran da aka koya wa ches sun fi sauran cin jarrabawar lissafi ba. Malami ya kiyayi yi wa hedimasta alkawarin da ba zai cika ba. Wasa yana koyar da abin da ke cikinsa ne. Shaidar haka ita ce binciken da Geetha Ramani da Robert Siegler suka wallafa a Amurka a 2008. Sun sa yara 'yan share fagen firamare, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, yin wani sauƙaƙan wasa mai gidaje goma a layi ɗaya, an rubuta 1 zuwa 10, yaro yana faɗin lambar kowane gida da ya taka. Jimillar lokacin da suka yi wasan bai wuce kimanin awa ɗaya ba, amma suka fi takwarorinsu da suka yi irin wasan a kan gidaje masu launi zalla iya ƙirga da gane wace lamba ta fi wata, kuma bambancin yana nan bayan mako tara. Lambobin da ke kan allon su suka koyar da lamba. Darasin da ke nan shi ne, malami ya fara tambayar kansa abin da yake son yaro ya koya, sa'an nan ya zaɓi wasan da wannan abin ke cikinsa. Dara tana koyar da haƙuri, da hangen gaba, da karɓar kaye ba tare da kuka ba. Waɗannan sun isa hujja, ba sai an ƙara mata da abin da ba nata ba.

Rabon malamin Hausa

Bugun 2004 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya bayyana wasa a matsayin babbar hanyar koyarwa a matakin share fagen firamare, kuma kowane ɗalibin kwalejin ilimi ya rubuta wannan a jarrabawa. Matsalar ita ce, da an ce hanyar wasa sai hankali ya tafi ga kayan roba masu tsada da ake gani a hotunan littattafan waje, malami ya duba ajinsa mai yara 80 ko fiye, babu ko isassun kujeru, ya ce wannan ba da shi ake ba. Alhali kuwa ƙasar da yaran ke zaune a kanta ta isa allon dara 40.

Malamin Hausa yana da riba ta musamman a nan. Ɗauki wasan haɗa kalmomi na Scrabble, wanda wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, ya ƙirƙira a shekarun 1930. 'Yan Nijeriya sun yi fice a cikinsa, har Wellington Jighere ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar duniya, a birnin Perth na Ostareliya a 2015. Wanda ake sayarwa a kanti an tsara shi ne don Ingilishi: ƙwayoyi 100, harafin E shi kaɗai guda 12, ga su P da Q da V da X waɗanda ba su cikin abacadan Hausa, babu kuma ɓ da ɗ da ƙ da 'y. Ba zai yi aiki a ajin Hausa ba. Amma gyara shi kansa darasi ne. Butts ya san yawan da zai ba kowane harafi ne ta hanyar ƙirga haruffa a shafukan jarida. Ɗaliban ƙaramar sakandare za su iya yin haka da shafi guda na jaridar Hausa: kowane rukuni ya ɗauki sakin layi, a ƙirga, a tara a allo. Da idonsu za su ga yadda harafin a ya yi wa sauran fintinkau, su gane dalilin da zai sa makinsa ya zama kaɗan, na ɓ kuwa ya yi yawa. Daga nan muhawara za ta tashi da kanta: shin sh da ts ƙwaya ɗaya za a ba su ko biyu? To ky da gw da ƙw fa? Yaron da ya yi gardama a kan wannan ba zai sake mance cewa baƙi mai goyo sauti ɗaya ne ba. Sai a yanka kwalin sabulu, a rubuta haruffan, a zana allo a bayan tsohuwar kalanda. Idan wasa ya kankama, wani ya jera "kasa" yana nufin "ƙasa", abokan karawarsa ne za su fara kama shi kafin malami ya buɗe baki, domin akwai maki a ciki. Idan aka yi jayayya kan ko wata kalma Hausa ce, sai a ɗauko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya raba gardama. Yara da yawa a ranar ne za su fara buɗe ƙamus don buƙatar kansu.

Ba a ce a mai da kowane darasi wasa ba. Minti 15 na ƙarshen darasin ƙa'idojin rubutu, ko lokacin tara, ko ranar ƙungiyoyi, sun wadatar. Abin lura kawai shi ne kada a bar 'yan mata a baya. Idan an bar abin ga al'ada, maza za su mamaye gurabe, mata su koma 'yan kallo, alhali babu wani abu a cikin jera uku da ya keɓanta ga namiji. Kuma ba dole sai mai kayan aiki ke iya farawa ba. Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa ches a yankin Ikorodu na Legas a 2018, kuma zuwa 2024 sunansa ya kai inda ya zauna a dandalin Times Square na New York ya yi awa 60 yana wasa don tara wa ilimin yara kuɗi. Ayo kuwa ya sami gurbi cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a Bikin Wasanni na Ƙasa, tare da dambe da kokawa da langa, saboda masu shi sun rubuta dokokinsa sun tsaya masa. Dara ta cancanci irin wannan gata.

Wannan kuwa aiki ne da ke gaban ɗaliban Hausa kai tsaye. Dokokin dara suna bambanta daga gari zuwa gari: wasu ba su yarda a cire ɗan da ke cikin jerin uku ba, wasu sun yarda, wasu allonsu ya fi gurabe 30. Kowane yanki yana da sunayen da yake kiran motsi da dabaru, da kirarin da gwani ke yi wa kansa idan ya ci, da baƙar maganar da 'yan kallo ke jefa wa wanda aka cinye. Mafi yawan wannan yana bakin dattawa ne kawai, kuma duk wanda ya rasu da nasa yake tafiya. Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji a ƙauye yana da makonni a hannunsa, kuma da wuya a rasa inuwar da tsofaffi ke haɗuwa bayan la'asar, kusa da kasuwa ko ƙofar mai gari. Abin da ake buƙata gare shi shi ne ya je da littafi da biro, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe su, ya nemi izinin kallo. Bayan kwana biyu ko uku sai ya roƙi ɗaya daga cikinsu: "Baba, ko za a taimaka a zo makaranta ranar Alhamis a nuna wa yara yadda ake sa 'ya'ya?" Dattijon da bai taɓa taka harabar makarantar boko ba sai don biyan kuɗin jarrabawar jikansa, ranar zai shigo a matsayin mai koyarwa, a shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar nan, yara su kewaye shi, malamin kuma ya zauna gefe yana rubuta kalmomin da ke fita daga bakinsa.